Rahoton Ayyukan Shekara: Labarin Ruwa da Rajistar Membobi

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa, da 'yan uwa manoma maza da mata.

Ga rahoton abin da kwamitinku ya gudanar a bana. Kusan duk ƙarfinmu ya tafi ne wajen ganin labarin ruwa ya riski manomi kafin ruwan ya riski gonarsa.

Babu wanda ya manta da ambaliyar 2022 a wannan kwari namu na kogin Hadeja, daga Ringim har Auyo da Kafin Hausa. Shinkafa na cikin fitar da kai ruwa ya shanye ta. Abin da ya fi ci mana rai shi ne, duk shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina tun kafin a gama sharar gona, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna kuma tana bayyana ƙananan hukumomin da ke fuskantar ambaliya. Bayanin yana nan a intanet, amma mai fartanya bai san da shi ba.

Don haka bana da hasashen ya fito, muka tsamo abin da ya shafi yankinmu kaɗai, muka naɗe shi da murya muka tura ta WhatsApp. Limamai sun sanar bayan sallar Juma'a, masu unguwanni suka kai wa marasa babbar waya. Dillalan iri da taki ma mun ba su, domin su tanadi iri mai saurin nuna, kuma wasunsu sun yi hakan. Allah ya saka musu da alheri.

Ba karɓa kawai muka tsaya yi ba. Matasanmu sun kafa turke a bakin kogi, suka yi masa zane da jan fenti taki-taki. Kullum da sassafe ɗaya daga cikinsu zai ɗauki hoton inda ruwa ya kai, mu tura wa malamin gona da ofishin ƙaramar hukuma. Haka muka yi da wuraren da ciyawar kachala ta toshe hanyar ruwa. Wannan aikin na matasa shi ne ya fi faranta wa kwamiti rai, domin ba a biya kowa ko sisi ba.

Sai maganar rajista. Wani kamfani mai ba da taki bashi ya nemi mu miƙa masa littafin membobi gaba ɗaya, har da lambobin NIN da BVN. Mun ƙi. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ta ba kowa haƙƙin sanin wanda zai riƙe bayaninsa da abin da zai yi da shi, kuma littafin nan amanarku ce a hannunmu. Daga baya mun ba da suna da gari da girman gona na waɗanda suka amince kawai. Mun san wasu sun ji zafin jinkirin, muna ba su haƙuri. Duk wanda ya kira ku ya nemi lambar sirrin banki da sunan ƙungiya, ba daga gare mu yake ba.

A shekara mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu nemi a riƙa turo mana saƙon waya kai tsaye duk lokacin da za a saki ruwa daga madatsun Tiga da Challawa. Masu bashin kuɗin wata su daure su ga ma'aji kafin taron gaba.

Sakatare, a madadin kwamiti