Sanarwa: Bita Kan Ambaliya Kafin Damina

Assalamu alaikum ƴan uwa ɗalibai.

Ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe 10 na safe, za mu haɗu a ɗakin taron sashenmu domin bita kan rage haɗarin ambaliya. Malamarmu za ta yi bayanin yadda ɓallewar madatsar ruwa ta Alau ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024, sannan ta koya mana karanta hasashen damina na NiMet, wato hukumar hasashen yanayi ta Najeriya. A ganina wannan ne ya fi muhimmanci, domin gargaɗi yakan fito amma bai cika isa unguwanni ba.

Kowa ya ɗauko hoton magudanar ruwa da shara ta toshe a unguwarsu. Bayan Azahar za mu yashe kwalbatin bakin ɗakunan kwana, don haka a zo da shebur da safar hannu. Mai uzuri ya sanar kafin Alhamis.

Allah ya ba mu ikon halarta. Na gode.