Ku ba mu tarihin Uri Avnery

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina jinjina muku kan yadda kuke kawo mana halin da mutanen Gaza ke ciki. Ƙorafina guda ne: daga ɓangaren Isra'ila ba ma jin muryar kowa sai ta soja ko ta minista, har masu sauraro da yawa suka ɗauka duk Bayahude bakinsa ɗaya da gwamnatinsa. Shi ya sa nake roƙo ku ware shiri guda a kan Uri Avnery, Bayahude ɗan jarida na Isra'ila mai fafutukar zaman lafiya da Falasɗinawa.

A Jamus aka haife shi a 1923. Iyayensa suka tsere da shi zuwa Falasɗinu a 1933, shekarar da Hitler ya hau mulki. Yana ɗan shekara 15 ya shiga Irgun, ƙungiyar Yahudawa mai ɗauke da makamai, daga baya ya fice. Ya yi wa Isra'ila yaƙi a 1948, ya dawo da mummunan rauni. Wannan mutumin ne ya shafe shekara 40 yana caccakar shugabannin ƙasarsa a mujallarsa, HaOlam HaZeh, kuma tun daga 1967 yake kiran a bar Falasɗinawa su kafa ƙasarsu a Gaɓar Yamma da Gaza, lokacin da ko a majalisar Knesset da yake zaune ciki da wuya ka sami mai mara masa baya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na Yulin 1982. Sojojin Isra'ila sun yi wa Beirut ƙawanya, shi kuwa ya tsallaka ya zauna da Yasser Arafat ido da ido. A gida aka kira shi maci amanar ƙasa, mahaifiyarsa ma ta cire shi daga gadonta. Duk wanda ya san zafin fushin uwa ya san abin da ya ɗauka a kansa. Bai ja da baya ba. Ya kafa ƙungiyar Gush Shalom a 1993, wadda ta nemi a ƙaurace wa kayan matsugunan Yahudawa da aka gina a ƙasar Falasɗinawa. A 2003, yana da shekara 80, ya je hedikwatar Arafat a Ramallah ya tare, don kada a kashe Arafat ɗin.

Ya rasu a Tel Aviv a Agustan 2018 bai ga ƙasar Falasɗinun da ya yi ta kira ba. Masu irin ra'ayinsa tsiraru ne a Isra'ila, amma suna nan. Don Allah ku neme su, ku yi hira da su mu ji daga bakinsu.

Na gode,
Mai sauraronku daga Zariya