A Duba Intakula Kafin A Ɗora Wa Turbo Laifi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin masu motoci masu turbo (na'urar da ke matsa iska zuwa cikin inji) da 'yan'uwana makanikai.

Kwanakin baya aka kawo mini wata mota mai shan dizal: ba ta jan tudu, tana zuba baƙin hayaƙi, ga shan mai. A wani gareji har an ce wa mai ita ya sayi sabon turbo. Da na taka totur sai na ji iska tana huci ta gaba. Ashe intakula ce ta tsage.

Aikinta shi ne sanyaya iskar da turbo ya matsa, domin matsi yana zafafa iska. In ta huje, iskar ta zurare, mai ya fi iska yawa a injin, turbon kuma ya riƙa wahala har ya gaji da gaske.

Gano wurin ba wuya. Na toshe bakunanta biyu, na hura iska kaɗan, na yayyafa ruwan sabulu, kumfa ta nuna tsagar. Sau da yawa ma tiyo ne ko maɗaurinsa ya saki.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne liƙa gam. Zafi da matsi za su ɓamɓare shi. In alminiyum ne, a wanke baƙin man da ke ciki tas, a yi walda, a sake gwadawa. In gefen roba ne ya fashe, canzawa kawai. Wannan motar walda ta ishe ta, turbonta lafiya lau.

Naku,
Wani makaniki mai karanta jaridarku