Tazargade Ba Zai Maye Gurbin Maganin Zazzaɓin Cizon Sauro Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi tsokaci a kan tazargade, ganyen nan mai ɗaci da ƙarfin ƙamshi wanda iyayenmu suka daɗe suna jiƙawa a sha saboda zazzaɓi da ciwon ciki, ko su turara shi a ɗaki.

Ba na cikin masu raina wannan gado. Tazargade yana cikin dangin tsirran da masana ke kira Artemisia, dangi mai nau'o'i ɗaruruwa. A Turai an daɗe ana amfani da nau'in da ke tsirowa a daji wajen saukar da jinin al'ada, a ƙasar Sin kuwa ana busar da ganyen wani nau'in a ƙona shi kusa da fatar majiyyaci. Daga wani ɗan'uwansu, Artemisia annua, masaniya Tu Youyou da abokan aikinta suka tace sinadarin artemisinin a 1972, aikin da ya sa aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015, kuma wannan sinadari shi ne ginshiƙin magungunan zazzaɓin cizon sauro da asibitocinmu ke bayarwa a yau.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke jin wannan labari sai su ɗauka jiƙon ganye da ƙwayar asibiti duk ɗaya ne. Ƙwayar asibiti tana da tabbataccen awo, kuma an haɗa ta da wani magani na biyu wanda ke ƙarasa kashe ƙwayoyin cutar da suka saura a jini. Jiƙo kuwa ƙarfinsa ya danganta da nau'in ganyen da ƙasar da ya fito da daɗewarsa a ajiye, har mai sayarwa ma ba lallai ne ya san wane nau'i ke cikin ƙullinsa ba. Zafin jiki zai iya sauka alhali cutar tana nan, kuma ƙwayoyin da suka tsira su ne ke zama masu jure wa magani, matsalar da tuni aka tabbatar da ɓullarta a Ruwanda da Yuganda. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 ba ta goyon bayan magance zazzaɓin cizon sauro da shayin wannan ganye. Nijeriya kuwa ita ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta fi kashewa.

Ina kira ga iyaye da su kai yaro mai zazzaɓi a gwada jininsa tun a ranar farko, mata masu juna biyu kuma su ƙaurace wa shan tazargade baki ɗaya, domin ganyen da aka sani da saukar da jini abin tsoro ne ga ciki. Ina kuma roƙon hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa, wato NAFDAC, da sassan ilimin harhaɗa magunguna na jami'o'inmu su zauna da shugabannin masu maganin gargajiya, su tantance nau'o'in da ake sayarwa da sunan tazargade a kasuwanninmu, sannan su bayyana wa jama'a sakamakon da Hausa a gidajen rediyo.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Zariya