Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban INEC, Farfesa Joash Amupitan

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na san ba kai ne a kan kujerar ba lokacin zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Har gobe in zancen wancan zaɓe ya tashi a majalisar unguwa ko a Facebook, da taswirar wanda ya ci kowace jiha ake musu. Masu cewa an yi gaskiya su ce: ai Peter Obi ya kayar da Tinubu a Legas da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba, Atiku ya ɗauke Katsina alhali Buhari na kan mulki, Kwankwaso ya cinye Kano, ina maguɗin yake? Ɗaya ɓangaren su ce an saki waɗannan jihohin ne don rufe ido, a wasu wurare aka yi aringizon. Duka shaci-faɗi ne. Don jiha ta saba bin wata jam'iyya ba ya nufin an ɗaura musu aure, kuma faɗuwar babba a gidansa ba ta wanke rumfunan zaɓe sama da 176,000 na faɗin ƙasar ba.

Abin da zai raba gardamar takarda ɗaya ce, EC8A, wadda ake cikewa a rumfa bayan an ƙirga a gaban jama'a, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ɗauki hotonta da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, a tura IReV, shafin intanet na INEC da ake duba sakamako. Alkawarin da hukumarku ta yi mana ke nan. Ranar zaɓe sakamakon 'yan majalisa ya riƙa shiga, na shugaban ƙasa kuwa ya maƙale, aka ce tangarɗar na'ura ce. Kotun Ƙoli ta ce wannan bai isa ya rushe zaɓe ba. To, doka ta wanke ku, amma je ka gaya wa mai shayi haka ka ji amsarsa.

Mu a Kano mun ga wata. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zabtare wa Gwamna Abba Kabir Yusuf ƙuri'a 165,663 saboda wai babu hatimi da sa hannu a bayansu, gari ya zauna a ɗar-ɗar sai da Kotun Ƙoli ta dawo masa da kujerarsa ranar 12 ga Janairun 2024. Wa ke buga hatimin? Malamin zaɓe. Tsohuwar da ta yini a layi cikin rana ta dangwala, me ya haɗa ta da hatimi?

Roƙona kafin 2027: kada jami'i ya bar rumfa sai hoton EC8A ya hau a idon wakilai. Inda babu sabis, a bayyana sunayen rumfunan tun kafin ranar zaɓe, kowa ya san da su. Wanda kuma ya ba da takardar ƙuri'a babu hatimi, a gurfanar da shi, mu ji hukuncin a rediyo.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
wani mai zaɓe daga Kano