Wasiƙa Zuwa ga Babana a Manchesta

Babana,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya sanyi? Mu nan lafiya lau, Abbanku da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Maganar da muka yi a waya ce ta hana ni sukuni. Ka ce tunda ka sauka burodi da shayi da indomi kake ci, wai duk abin da ka ɗauka a kanti sai ka juya kuɗinsa zuwa naira, ka ga ya yi yawa, ka mayar. Ka daina wannan lissafin. Kuɗin da Abbanku yake turo maka da fam aka auna shi, don ka ci ka ƙoshi. Mai jin yunwa ba ya riƙe karatu, balle a garin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 a watan Disamba. Abin da nake so ka koya shi ne sanin inda ake sayen kowane abu, don a can ma kowace kasuwa da abin da ta fi araha a kai.

Madara, ƙwai, burodi, taliya, tumatirin gwangwani da sabulu, ka nufi kantunan Aldi ko Lidl. Idan Tesco ne kusa da kai, ka yi katinsu na Clubcard, kyauta ne, kuma kaya da yawa farashi biyu gare su, na mai kati da na marar kati. Ƙananan shagunan bakin makaranta kuwa ka bar su sai ta ɓaci. A jikin kanta, ƙarƙashin babban farashi, akwai ƙaramin rubutu da ke nuna kuɗin kilo ɗaya ko giram 100. Shi za ka riƙa dubawa, shi ne mudunka a can. Ka tafi da jakarka daga gida, leda ma sayar da ita suke yi. Ranar Lahadi manyan kantuna awa 6 kacal doka ta ba su, don haka kada ka bar cefanenka sai yamma.

Shinkafa, albasa, attaruhu, citta, kuɓewa da kayan ƙamshi kuma shagunan 'yan Pakistan da Larabawa za ka je, a unguwar Rusholme ko Longsight ko Cheetham Hill. Lokacin da muka zauna can da Abbanku, nan nake cefanena. Ka haɗa kuɗi da abokin zama ku sayi buhu mai kilo 10 ku raba, ya fi ƙulli-ƙullin da kake saye sauƙi nesa ba kusa ba. Manja da doya suna shagunan 'yan Afirka, amma da tsada, ka mai da su na marmari. Garin semolina yana yin tuwo mai kyau, ganyen da suke kira spinach kuma yana tsaya maka a madadin alayyahu.

Inda na fi so ka buɗe ido shi ne nama. Ka samu mahauci Musulmi guda ɗaya ka riƙe shi, ka tambayi mutanen masallaci wanda suka yarda da shi. Wasu shagunan za ka ga tambarin HMC a ƙofarsu, ƙungiya ce mai sa ido kan yankan halal. Ka sayi na sati biyu, ka kasa shi leda-leda daidai girki ɗaya, ka sa a firiza. Haram ɗin can ba a nama kaɗai take ɓuya ba. Alewa mai danƙo da wasu kayan zaƙi ana sa musu jelatin, wanda sau da yawa daga alade ake samo shi, wasu miyoyin kwalba kuma da giya a ciki. Ka juya bayan kwali ka karanta kafin ka jefa a kwando, ko da layi na jiranka. Tunda kicin ɗaya kuke da waɗanda ba Musulmi ba, ka sayi tukunyarka da kaskonka da wuƙarka, ka adana su a ɗakinka. Ba sai ka ɓata wa kowa rai ba, ka yi musu bayani cikin mutunci.

Da yamma kantuna kan liƙa wa kayan da kwanansu ya kusa ƙarewa takarda ruwan ɗorawa, su karya kuɗin. Babu abin kunya a sayensu. Sai dai in an rubuta "use by", musamman a kifi ko madara, kada ya wuce ranar. Mai "best before" kuwa, kamar biskit, ɗanɗano ne kawai ke raguwa.

Ka roƙe ni kilishi. Ba zan aiko ba, dokar Ingila ta hana shiga da nama ko kayan nono daga ƙasashenmu, kuma ba zan jefa ɗan aike cikin wahala a filin jirgi ba. Kuka da daddawa da yaji dai na daka maka, ina jiran mai tafiya.

Ka ware ranar Asabar ka yi miya tukunya guda da za ta kai ka tsakiyar sati. In ka zo yi ka kira ni ta bidiyo, in nuna maka yadda ake soya kayan miya har mai ya taso.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare min kai.

Ummanka