Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Ƙasa: Su Waye Shidan da Aka Binne Tare da Abu Ali?

Mai girma Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu, Babban Kwamandan Askarawan Najeriya,

Assalamu alaikum. Allah ya taya riƙo.

Ranka ya daɗe, ka san labarin Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali. Shi ya ja tankokin yaƙi aka ƙwato Baga a watan Fabrairun 2015, lokacin yana Manjo. A watan Satumban shekarar Janar Buratai, babban hafsan sojin ƙasa na lokacin, ya taka har Gamboru Ngala ya ƙara masa girma a bakin daga. Yaransa Sarkin Yaƙi suke ce masa. Ranar 4 ga Nuwamban 2016 'yan Boko Haram suka afka wa Malam Fatori, a nan ya cika yana da shekara 36. Bayan kwana uku aka kai shi makwanci a maƙabartar sojoji ta Abuja, Buratai yana share hawaye. Duk yabon da aka yi masa ya ci abinsa. Allah ya jiƙansa.

Amma gawa bakwai aka jera a ranar, ranka ya daɗe. Su waye shidan? Ka aika a tambaya a kowace majalisa, daga Maiduguri har Sakkwato, a ga ko za a sami mai kawo sunan mutum ɗaya. Abu Ali hafsa ne, ɗan tsohon gwamnan soja na Bauchi, sunansa yana da masu riƙe shi. Ƙaramin soja kuwa da an rufe ƙasa an busa ƙaho, sai ya koma lissafi: "da wasu sojoji shida".

Ina da maƙwabciya. Mijinta las kofur ne, bai cika talatin ba. Abin da ya dawo gida akwatinsa ne na ƙarfe, da takalmi da bargo a ciki. Wani abokin aikinsa da ya zo gaisuwa ya ce marigayin ne ya tsaya a kan bindiga har sauran suka samu suka janye. Wannan maganar ta zaure ita kaɗai ce lambar yabonsa. Tana da wata ambulan da ta yi laushi don yawan ɗauka, cike da kwafin takardu da hotunan fasfo. Na raka ta wani ofishi sau biyu. Farko aka ce fayil bai sauko ba, na biyu aka ce oga ya fita. Yanzu awara take soyawa a ƙofar gida.

Bari in tuna maka da bakinka. Ranar 27 ga Maris 2024 ka tsaya a wannan maƙabartar wajen jana'izar sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta. Ka ba hafsoshi huɗu lambar girmamawa ta ƙasa ta MON, sauran 13 ta FRM. Ka yi alkawarin gida ga kowane iyali, da karatun 'ya'yansu har jami'a, ka ce a biya haƙƙoƙinsu cikin kwana 90. Wallahi na ji daɗi ranar. To a fito a karanta mana yadda aka cika, iyali bayan iyali. Sannan me ya hana kwana 90 ɗin nan ta zama doka ga kowane soja? Ko sai wanda mutuwarsa ta cika jaridu, manya suka zo da jiniya? Wanda ya faɗi a Sambisa da tsakar dare shi ma kakin ƙasar nan ne a jikinsa.

Kowace 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ana ajiye furanni, a saki tattabaru. A 2021 ma tattabarun ƙin tashi suka yi, wataƙila sun gaji da wasan. Don Allah, ranka ya daɗe, a wannan ranar a karanta sunan duk sojan da aka rasa a shekarar, daga kurtu zuwa janar, ko da za a wuni ana yi. A rubuta su a bango inda ɗa zai je ya ɗora yatsa a kan sunan ubansa.

Akwai batun kayan aiki, da na waɗanda suka daɗe a daji ba a canje su ba. Wannan sai wani jiƙon.

Babban ɗan maƙwabciyata yana aji shida na firamare. Kwanan baya ya tambaye ni ko gwamnati ta san sunan babansa. Na ce masa zan tambaya.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga Kaduna